Malam Lawal da Sojojin da Ke Tafiya Gona

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Malam Lawal a Ƙanƙara ya san ƙa'idarsa: kafin ya nuna maka tabarma sai ya ce ka kashe datar wayarka. Tsoronsa kada tsohuwar kwamfutarsa ta shaƙi intanet ta sabunta wasansa, aikinsa na shekaru ya rushe.

Malamin gona ne mai ritaya, wasan kuma na kafa daula ne da yaƙe-yaƙe. Bai yarda da shi yadda masu shi suka ƙera ba. Ya buɗe cikinsa ya yi ta kwaskwarima, ya zana Faskari da Sheme da Tafoki, ya zuba gero da dawa da jakuna, sannan ya kafa doka cewa da ruwan shuka ya sauka kowane soja ya ajiye mashi ya tafi gona. Na zauna Sudan, na zauna Faransa, na ga masu wasan nan iri-iri, ban taɓa ganin inda janar ke jiran a gama noma ba. Wata rana na kewaye masa birni, saura ƙiris, sai aka yi ruwa rundunata ta watse. Na ce maguɗi ne. Ya ce, "Alhaji, duk yawon duniyarka, ina ka ga an yi yaƙi da rumbu wayam?"

Duk wanda ya zo da filashi kyauta yake zuba masa wasan da ya gyara. Shi ya sa ya tsani ƙarin da kamfanin wasan ke sayarwa, don duk sanda suka fitar da sabo sai sun taɓa tushen wasan, aikin irin su Malam ya daina tashi. Na ce masa su ma ma'aikatan kamfanin iyali gare su. Ya ce bai hana su cin abinci ba, su dai bar tona masa harsashin gini.

Ɗansa likita ne ya jawo abin. Ya zo Sallah daga Kaduna, ya sayo wa uban ƙarin daulolin Afirka don ya burge shi, ya jona kwamfutar da intanet ya zuba shi, ni da Malam muna can gaisuwa. Da muka dawo babu Faskari, babu jakuna, sai raƙuma da rairayi, ga sojoji na ta gwabzawa tsakiyar damina.

"Wanda ya yi wanga bai taɓa riƙe hauya ba," in ji Malam. Ya juya ga ɗan. "Allah ya yi maka albarka, Likita. Ka yi wa lafiyayye allura."

Kwana biyu bai taɓa naman Sallah ba, sai ya tuna wani tela a Sabuwa da ya taɓa zuba wa wasan. Muka hau acaɓa da tsufanmu. Tela na da shi kuwa, amma shi ma ya sa hannu: Sabuwa ta zama birni mai ganuwa bakwai, Ƙanƙara ƙauye mai rumbu uku. Na ja baya ina jiran faɗa. Malam ya yi dariya har da tari.

"Ɓarnar tela ina iya warware ta da hannuna," ya ce. "Ta kamfani a kulle take."

Bai gama warwarewar ba ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu ya bar Ƙanƙarar wasan da rumbu tara. Ranar jana'iza telan ya fi mu kuka.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.