Bayan Hannun Ukasha

Ukasha ɗan Gubuchi ne, amma a Makarfi ya yi suna, a wata rumfar kwano da ke bayan tasha, inda aka kafa teburin tenis mai gurguwar ƙafa da aka tallafe da bulo. Sana'arsa sayar da rake a baro. Wanda ya taɓa ganin yadda yake fere kara, wuƙa na tashi daga ƙirjinsa tana fita waje, ya riga ya ga rabin wasansa. Haka yake bugun ƙwallo, da bayan hannu, kuma daga Kudan har Ikara ba a samu wanda ya iya tare ta ba.

Abin da ba a sani ba shi ne, bugun da yake da shi ke nan. Tun yana saurayi ya faɗo daga saman motar rake, kafaɗarsa ta dama ta goce. Bobbo, wani maɗori daga rugar da ke kusa da Dandamisa, ya mayar masa da ita, ya kuma gaya masa gaskiya: hannun zai yi aiki, amma ranar da ya buɗe shi baya ya kawo duka da ƙarfi, ranar zai rabu da shi. Bobbo ba mai surutu ba ne, Ukasha kuwa ya gwammace a ce ya yi sata da a ce yana da nakasa. A duniyar nan ba inda ake tashi a ba shi wuri sai rumfar nan, don haka ya riƙe asirin kafaɗarsa kamar ransa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ukasha ya gina wasansa kaf a kan ɓoye ɓangare guda. Yakan tsaya can wajen dama, ya manne da teburi, yadda duk inda ƙwallo ta faɗo bayan hannunsa za ta tarar. Idan shi zai fara, gajeruwa yake sakowa dab da raga, don kada abokin wasa ya samu sararin karkatar da ita. Hagunsa yake bari a buɗe da gangan, wawa ya hango fili ya jefa can, ya kuwa kai kansa mahauta. In kuma aka yi sa'a wata ta kuɓuce ta bi ta ƙuryar dama, ko motsi ba ya yi. Sai ya bi ta da kallo ya ce, "Wannan sadaka ce, ka kai wa babarka." Jama'a su kwashe da dariya, suna cewa girman kan Ukasha ya yi yawa, ba su san tsoro ne ba.

Mugun ɗan wasa ne, ba a bugu kaɗai ba. Dokar rumfar ita ce wanda aka ci shi ke ɗauko ƙwallo, shi kuwa Ukasha yana sane yake auna ta ƙarshe ta faɗa kwatar da ke gefe, don ya ga magidanci ya naɗe hannun riga yana lalube a cikin ƙazanta. Wanda ya fi shan wannan wulakanci shi ne Salman, ƙanin matarsa Bilki, tela ne a Ikara, mai sanyin hali. Ukasha yakan fake da wasan ƙanin mata ya yi masa cin mutuncin da ko bare ba a yi wa.

A gida ma da wannan hannun yake magana. Miya ta yi gishiri, mari. Ruwan wanka ya huce, mari. Bilki takan je ganin gida da mayafi a rufe da rabin fuska, ta ce haƙori ne ke damunta. Salman kuwa yakan tsura wa fuskarta ido.

Wata ranar kasuwar Makarfi, bayan la'asar, rumfa ta cika har da 'yan acaɓa a kan baburansu. Salman ya zo ya gaishe da mijin yayarsa a ladabce, ya ɗauki bat, katakon buga ƙwallo.

"Tela, ka zo wankin kwata?" in ji Ukasha.

"Na zo dai ka ƙara mini karatu, Yaya."

Da aka fara, Salman ya tura ƙwallo can ƙarshen hagu, inda kowa ke jefa kansa. Ukasha ya bi ta ya maido. Kafin ya koma mazauninsa, sai ga ta ta taso sama a hankali, lallausa, ta sauka a ƙuryar dama. Irin wadda ko ɗan koyo zai kwaɗe.

"Sadaka," in ji Ukasha. Aka yi dariya.

Salman ya sake yin haka, ya kuma sakewa. Hagu da nisa, sannan dama a sama. Sadaka ta yi ta taruwa har dariyar ta fara canza murya. Wani daga baya ya ce, "Yau Ukasha zakka yake fitarwa." Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Gumi ya jiƙa masa riga, ya gwada zagayawa ya tare ta da bayan hannu, ya bar teburin gaba ɗaya a buɗe, Salman ya ajiye masa ita a inda ya baro. A karon farko a rumfar nan tsoron Ukasha ya fito fili.

Saura ɗaya a cinye shi, ƙwallo ta sake tasowa ta dama, tana lilo kamar tana masa gwalo. Ya tuna maganar Bobbo sarai. Ya kuma hango kwatar. Ya buɗe hannu baya ya kawo duka da iya ƙarfinsa.

Har na bakin titi sun ji ƙarar kafaɗar. Bat ya yi gefe, Ukasha ya durƙushe, hannun na reto. Ƙwallon kuwa ko taɓa ta bai yi ba, ta gangara abinta ta faɗa kwata. Ba wanda ya yi saurin ɗaga shi, don kusan kowa a wurin ya taɓa naɗe hannun riga saboda shi.

Salman ne ya tsuguna kusa da shi. Ukasha ya cije baki ya ce, "Bobbo ne ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini, Yaya. Fuskar Bilki na duba. Tun da ka aure ta, kuncinta na dama kaɗai ke kumbura, marin bayan hannu ke nan. Mai lafiyayyen hannu wata rana ai zai sami na hagu."

Bobbo ya zo ya duba, ya ɗaure, ya ce wannan karon sai dai haƙuri, ko wuƙar rake hannun ba zai ƙara riƙewa ba.

Da aka kai shi gida, Bilki ta kawo tuwo. Da can daga nesa take turo kwano ta ja da baya. Yau sai ta matso har yana jin numfashinta, ta durƙusa, ta juyo masa da kuncinta na dama, ta tsaya gyara murfin kwanon a natse, ba ta sauri.