Jirgin da ke cikin farantin Kaka

Ina cikin cire albasa a fadamar Aliero ɗan kawuna ya iso daga Jandutsi. Ya tsaya bakin gona, ya cire hula, ya ce Kaka ta rasu da hantsi. Na wanke hannuna na bi shi.

Ita ta raine ni. Shekarun da Nasara suka shigo ƙasarmu, an ɗebi babana cikin 'yan dako zuwa kudu. Tafiyar farko ya dawo, ya kawo mata farantin tangaran, fari mai zanen shuɗi: gulbi, itace mai sunkuyayyun rassa, da mutum shi kaɗai cikin jirgi. Tafiya ta biyu bai dawo ba. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

Ba a taɓa cin abinci a farantin nan ba. Bayan tuwo, in ta tura kara a murhu, sai ta kwance shi daga tsumma ta karkata shi wajen wuta.

"Matso, malalacin mijina. Ga ta nan, ga ta nanku, ka riƙe ta da kyau."

Wai mai jirgin nan baƙo ya ɗauka zai ƙetarar, ashe aljanin ruwa ne, ya ce ba ya sauka sai inda gulbi ya ƙare. Suka wuce garin da kada ke sarauta, suka wuce garin da ake noman gishiri. Kullum da sabon gari. Daga ƙarshe baƙon ya sauka, mai jirgi ya juyo, har ya hango hayaƙin ɗakin uwarsa. A nan Kaka ke tsayawa.

"Kaka, ya iso?"

"Mi an naka na gaugawa? Ruwa na da nisa. Tahi ka kwanta."

Kowace tatsuniya tana rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. Na sha yin kuka a kan haka, ta yi ta mini dariya.

Da na girma, wani Bakwara, Balaraben Labanan mai kanti a Jega, ya juya farantin ya duba gindinsa, ya ce aikin mutanen Japan ne, zanen Sin suka kwaikwaya. Da na gaya mata, ta ce ko wa ya zana, gulbinmu ne. A ranar na lura idonta a kan mai jirgin yake, na fara gane abin da ya sa ba ta bari ya taka tudu. Muddin yana kan ruwa, yana hanya. Shi ya sa ma ta hana a yi wa babana sadakar mutuwa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, kawu ya ja ni gefe.

"Tunda ta tahi, mu haɗa da tsohonka cikin addu'ar uku. Kai ne ɗanai, kai ka cewa."

Na ce a bari tukuna. Har yau ban ba shi amsa ba.