Gansakukar Makwararar Kaka

Har yau in aka watsa ruwa a busasshen siminti, ƙamshin nan ya bugi hancina, sai gabana ya ɗan faɗi. Bangon gidanmu na Agege nake tunawa, da wata aika-aika da na yi ina shekara goma.

Kakana na wajen uwa tsohon mai goro ne. Yana da wurin alwalarsa shi kaɗai a kusurwar tsakar gida, ruwan kuma yana bi ta wata makwarara ya fita lungu. A bayan bangon, ƙarƙashin makwararar, gansakuka ta yi shimfiɗa mai faɗin faranti, kore shar, mai laushi kamar gashin jariri. Da damina ba a kula ta, don a Legas kowane bango kore yake. Amma in ruwa ya ɗauke, sauran duk su bushe, ta Kaka kaɗai ke rage, saboda ana shayar da ita sau biyar a rana.

Innata ta tsane ta, ta ce ƙazanta ce. Shi kuwa yakan tsugunar da ni, yana kirana amaryarsa mai rawar kai, ya ɓanɓaro kaɗan da farce ya nuna mini ƙasanta. Babu saiwa, sai 'yan zarurruka da take maƙale bango da su. Ya ce ba ta da hanyar jan ruwa daga ƙasa kamar mangwaro, da jikinta take sha, shi ya sa ba ta tsawo kuma ba ta nisa da laima. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Wasu siraran gashi take fitarwa masu ɗan kai, in sun nuna su fashe, iska ta kwashi garin. Kwana uku babu ruwa, in ji shi, za ka ga ta koma ruwan ƙasa. Na haddace wannan tsaf, na riƙa jin kaina malama.

A shekarar da soja suka sauka daga mulki, bayan damina ta wuce, aka wayi gari ana cewa an yi rikici a wata kasuwa, kuma zai iso unguwarmu. Babana ya tafi arewa sayen shanu. Kawuna ya zo da motar haya, danfo, daga Ojo ya ce mu fito haka nan, ko tukunya kada a ɗauka. Kaka ya ƙi. Ya ce shekara arba'in yana gidan nan, ba zai je ya mutu a kan bencin mota ba. Inna ta yi kuka, ta yi roƙo, direba yana ta danna ham. Ƙarshe muka bar masa gari da jarka biyu na ruwa, ya kulle ƙofa ta ciki.

Kwana tara muka yi a Ojo, mu goma sha a ɗaki ɗaya. Waya babu a lokacin. Duk wanda ya shigo da labarinsa, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa tsoro nake ji ƙwarai, amma na ɓoye wata dabara a raina: da mun koma, tun kafin a buɗe ƙofa zan san ko yana nan.

Da hanya ta lafa muka koma da hantsi. Layinmu tsit, shaguna a rufe. Inna ta buga ƙofa, ta kira, ta sake bugawa. Kaka dama kunnensa ya yi nauyi, kawu yana ta faɗa mata haka. Sai na zagaya lungu da gudu na tsuguna.

Ta bushe ƙarau. Na taɓa ta, ta marmashe a yatsana. Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi alwala ba, ga shi an yi kwanaki ruwa bai bi makwararar ba. Ban tsaya tunani ba, na dawo na tsaya gaban Inna na ce, "Kaka ya rasu. Tun tuni ma."

Ta dube ni, ta zame ta zauna a ƙasa. Kawu ya fara dukan ƙofa da kafaɗa. Ƙarar ce ta fito da maƙwabciyarmu, Iya mai biredi, Bayarabiya ce da muka girma a gabanta. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Kilode? Me ya faru? Za ku fasa ƙofa? Baba yana wajena, yana shan shayi."

Ashe a kwana na uku 'yan garuwa duk sun gudu, ruwansa ya kusa ƙarewa, ya koma taimama. Iya ta leƙa ta katanga ta gan shi yana buga ƙasa da tafi. Ta sa 'ya'yanta suka tsallako da shi ta baya, ta ajiye shi a ɗakin da take jera biredi, duk wanda ya tambaya ta ce ba ta san inda ya shiga ba.

Inna ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Kaka ne ya yi ta dariya har da tari. Ya ce amaryarsa ta ƙagu ta ci gado. Ya karɓi buta a wajen Iya, ya ja ni lungu, ya tsiyaya a kan busasshen abin. Kafin a kira azahar ta buɗe, ta fara kore. Ya ce rabin karatu na ɗauka: ba mutuwa take yi ba, naɗewa take yi ta jira ruwa, ko wata nawa ne.

Yanzu an rushe gidan, an yi bene mai tayil da famfo, ruwa yana bi ta ƙarƙashin ƙasa. 'Ya'yana in suna son sanin lafiyar wani, waya suke dannawa, kuma ina gode wa Allah da haka. Inna ta yafe mini, amma har ta tsufa, in na shigo da sauri zan yi magana, sai ta dafa bango tukuna. Kaka ya rasu bayan shekara biyu, a tsakiyar damina, ina makaranta. Na dawo na bi ta lungun na ga bango kore shar, na shiga gida ina kiran sunansa.