Dawar da Wuta Ba Ta Samu Ba

Har yau in masara ta ƙone a kan gawayin masu gashi a bakin titi, sai gabana ya faɗi. Ƙaurin hatsi daban yake da na itace, yana da wani zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. In ka taɓa tsayawa a gaban rumbu yana ci da wuta, ka san abin da nake nufi.

Ina yarinya, ko azumi ban fara kaiwa ba, rumbunan mahaifina biyu suka ƙone a ƙauyenmu na ƙasar Kiru. Da bazara ne, rana tsaka, maza duk suna kasuwa. Kafin mata su taru da tuluna, jinka ta rufta. Ba abinci ne ya fi damun Baba ba, don dangi sun yi ta kawo gudummawa. Iri ne. A ƙaramin rumbun yake ajiye zangarniyoyin da ya zaɓa da hannunsa, na wata jar dawa mai lanƙwasasshen wuya da ya gada wurin mahaifinsa. Ba a samunta a kasuwa, ita ce kuma take yarda da gonarmu mai tsakuwa.

Sai 'yan jaje suka fara zuwa. Allah ya saka musu, da zuciya ɗaya suke zuwa, amma kowa tambayarsa ɗaya: garin yaya, kuma dami nawa ne a ciki? Baba ya yi ta maimaita labari, kullum kamar ranar aka yi gobarar. Da suka ɗauke ƙafa sai ya ci gaba da tambayar kansa. Nakan ji shi a kan tabarma yana cewa a hankali, “Me ya rage mini a garin nan?” Maƙwabta suna sharar gona, jakuna suna kai taki, shi ko fartanya bai duba ba. Har ya gaya wa Inna zai ba da gonar jingina mu koma birni. Na sha kuka, don an ce mini a birni ba a barin akuya ta yi yawo, ni kuwa ina da tawa.

Kakata, mahaifiyar Baba, tana kallon duk wannan. To amma Baba ɗan farinta ne, kuma ita ta mutanen da ce: ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa magana gaba da gaba. In tana da saƙo sai ta yi wa kaza faɗa da ƙarfi, ko ta kira ni. Ni ce rediyonta.

Wata rana da hantsi tana ɓarar gyaɗa, Baba yana zaune can gefe ya zuba tagumi, sai ta ɗaga murya.

“Ke ƙawata mai kunnen ƙashi, zo in tambaye ki. Tun da wutar nan ta tashi kowa ƙidayar abin da ta ci yake yi, sai ka ce za ta amayo shi. Ni abin da nake son sani, dawar nan a gidan nan kaɗai ta taɓa kwana? Ba a taɓa ba kowa ba?”

Na ce ban sani ba.

“To je ki tambayo wanda ya sani.”

Wanda ya sani ɗin ya riga ya ji komai, amma na je na durƙusa a gabansa na maimaita tiryan-tiryan. Sai na ga yana lanƙwasa yatsu. Ya ambaci gwaggona da ke aure wajen Ƙafin Maiyaki, ya ambaci liman, sannan wasu baƙi da mahaifinsa ya ɗibar wa iri lokacin da ruwan dam ya ci garinsu.

Washegari ya ɗora ni a bayan keke. Ta liman dai ta ƙare tun wata shekarar fari. Ta gwaggo kuma ta gauraye da farar dawa, har Baba ya yi mata tsiya cewa ta aurar da dawar ba sanin dangi. Rabon da in ji ya yi wasa tun kafin gobara. Da la'asar muka kai unguwar mutanen dam, muka tarar da wani dattijo yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Ya saurari Baba har ƙarshe, ya shiga ciki, ya fito rungume da dami guda, jajir, wuyan nan a lanƙwashe.

“Mahaifinka ya ba ni wannan ranar da ba ni da ko turmi,” in ji shi. “Duk shekara in na yanke ta sai na yi masa addu'a. Ɗauki, ɗana, kayanku ne aka ba ni ajiya.”

Ranar na fara ganin hawayen Baba. A hanyar dawowa kuwa bai bar ni na yi gyangyaɗi ba, sai zancen wa zai ara masa jaki ya kai taki. Da muka shiga gida Kaka ta dubi damin, ta dube ni, ta ce, “Ashe ƙawata kin iya aike.” Maganar jingina ba ta sake tashi ba. A wannan gonar Baba ya tsufa, kuma duk kaka sai ya bi gidaje yana raba iri ko ba a roƙe shi ba.

Yanzu ƙanena ne ke noma gonar. Masara yake shukawa, irin na leda da ake saye a shago, wanda baɗi sai an sake sayen wani. Ban ga laifinsa ba, yana da bakunan ciyarwa. Ni ce dai bayan rasuwar Baba na kama halinsa, ina ta tambayar kaina me ya rage mana na tsohon nan, har zuwa gida ya fara yi mini nauyi. Sai bara, da kaka, ina kan babur a hanyar Tudun Wada, na hango dawar nan a wata gona, jajir, ta sunkuyar da kai. Ban san mai gonar ba, shi ma na tabbata bai taɓa jin labarin Baba ba. Na ce wa mai babur ya tsaya. Ya ce, “Hajiya, lafiya?” Na ce lafiya lau, dangi na gani.