Fayil ɗin da Nusaiba Ba Ta Ajiye Ba

Wata rana, a wani ƙaramin kamfani mai haɗa wa makarantu manhaja, Malam Tasi'u ya gwada sabon gyaran da manaja ya matsa a saka kafin Juma'a.

Baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, wanda masu sana'ar suke kira taminal, ya cika da jan rubutu: in aka saka gyaran, sakamakon jarrabawar ɗalibai ɗari huɗu zai goge.

Nusaiba, abokiyar aikinsa, tana gefensa. Shi ya koya mata aikin tun tana bautar ƙasa.

Ya miƙe zai tafi sallar Azahar, ya ce, "'Yata, sake gwajin nan ki tura abin da ya fito cikin fayil. Abin da ke kan allon nan ba ya zama."

Alama ɗaya da sunan fayil kawai za ta ƙara a ƙarshen umarnin. Aikin daƙiƙa goma.

Ta ce a ranta bari ta ci abinci tukuna. Da ta dawo, ta rufe allon tare da sauran shafuka, ta manta.

Malam Tasi'u ya gargaɗi manaja da baki. Manaja ya yi biris, ya saka gyaran da hannunsa.

Sakamakon ɗaliban ya goge.

Ranar Litinin, a gaban mai kamfanin, manaja ya rantse babu wanda ya gargaɗe shi. Nusaiba ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, wallahi Malam ya gwada. Na ga gargaɗin da idona."

Manaja ya yi murmushi. "To, Malama, buɗe mana idon naki mu karanta."

Babu fayil. Babu kwanan wata. Gwajin kuma ba ya maimaituwa bayan ɓarna ta auku.

Aka sallami mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana riƙe da kamfanin, wanda ya yi ɓarnar kuwa yana nan a kujerarsa. Wace irin shari'a ce wannan?

Da yake tattara kayansa, bai ce mata "na gaya miki" ba. Sai ya miƙa mata kofin shayinsa mai karyayyen hannu, ya ce, "Ki riƙa shan ruwa, kina daɗewa a zaune."

Ya koma Gumel, yana gyaran waya a bakin tasha.

Shekara biyu ke nan. Har yau in manhaja ta ƙi, Nusaiba takan juya dama ta buɗe baki za ta ce "Malam, duba mini," sai ta ga wani ne a kujerar.

Kowace Sallah takan kira shi, ya tambayi mahaifiyarta, ya yi dariya. Ita kuwa takan ajiye wayar ba tare da ta nemi gafararsa ba.

Yanzu ko gwajin layi ɗaya ta yi, sai ta tura shi cikin fayil. Sun haura dubu uku, a cikin folda ɗaya mai suna Tasi'u.

Amma guda ɗayan da take buƙata, na ranar nan, ba ya cikinsu.

Darasi: Azzalumi ba ya tsoron abin da kika gani, yana tsoron abin da kika ajiye. In wanda ya riga ki sanin aiki ya ce ki adana, ki adana kafin ki tashi daga kujera, domin watakila mutuncin wani ne a ciki.

Ku tura wa duk wanda ya taɓa koya muku sana'a, tun yana kusa.