Ranar da na ari ordinatar abokina zuwa Bonkuku

Shekarun baya, wata ƙungiyar makiyaya a Bonkuku ta nemi wanda zai riƙe mata rajistar rigakafin dabbobi. Ni kuwa na gama karatu ina zaman kashe wando a Filinge. Na rubuta 'yar manhaja, aka sa mini ranar nunawa. Aikin nan na sa shi a rai ƙwarai.

Ana gobe tafiya ordinatata, wato kwamfutata, ta mutu. Abokina ya ara mini tasa, wadda ya sayo a Kano, ya ce ma zai kai ni a babur. A hanya ya fara cewa, "Tawa Linux ce, kuma baƙaƙenta..." Na katse shi. Ni da nake bugu ba na kallon hannuna, wa zai koya mini?

Abin da bai ƙarasa ba shi ne: mu a lakwal, wato makarantar boko, jerin baƙaƙen bugu na Faransa muka koya, tasa kuwa jerin Ingilishi ce. Inda yatsana ya saba samun A, Q ce zaune.

Da muka isa Bonkuku, dattawa suka zauna a tabarma. Na buɗe shafin da nake rubuta manhajar, ina baza bayani. Na danna abin da a Windows ɗina yake zaɓo rubutu duka. Fit, shafi ya rufe. Na sake buɗewa, na sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfi ne ya gaza. Ya sake rufewa. Sau uku! Ashe Q nake ta dannawa a madadin A, ita kuwa a tasa rufe shafi take yi. Gumi har cikin takalmi.

Shugaban ƙungiyar, wani tsoho mai haƙuri, ya gyara zama ya ce, "Ɗana, wanga abu bai san ka ba. Da ka taɓa shi sai shi gudu. Wa ad da shi?"

Na nuna abokina, yana bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Ya kakkaɓe hannu, ya danna sau biyu, sunayen garkuna suka jeru.

Tsohon ya ce, "To, mu dabba ga wanda ta sani muka barin ta."

Shi aka ba aikin. Ni na rungumo ordinatar a bayan babur har gida.

Yanzu in na ba da labarin dariya nake, amma wallahi abin yana ɗan sosa ni. Ba rashin sani ya kayar da ni ba, katse mutum na yi yana tsakiyar magana. Abokin nawa yana wurin har yau, kuma in manhajar ta cije ni yake kira. Ina sauraren sa har ya kai aya.