Yaya Osman da Kalanda Biyu

Yayana Osman mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a wata ma'aikata nan Madina, shekara ashirin da biyu. Kakanmu daga Chadi ya zo da ƙafa, mu nan aka haife mu, muna da takardar ɗan ƙasa, amma har bara haya muke yi a unguwar Sultana. Osman bai taɓa tambayar kowa komai ba. Ko hanya ce ta ɓace masa, gara ya ƙone mai.

Bara ya samu shagga, wato sashe a gidan bene, mai ɗaki huɗu a unguwar Aƙiƙ. Ya rantse ɗaki ɗaya na Inna ne, ta huta da hawa hawa uku da ciwon gwiwa. Banki ya ba shi zaɓi: ya biya a shekara goma sha biyar ko ashirin da biyar. Ya ɗauki sha biyar, riyal dubu huɗu da ɗari biyu duk wata, a albashin dubu tara.

Sai da ya sa hannu ya faɗa mana, muna cin abincin Juma'a.

"Shekarata arba'in da biyar. Ina cika sittin, aiki ya ƙare, bashi ya ƙare. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, da wace kalanda?"

"Ke Raudatu, ci abincinki."

"Wurin aikinku da Hijiriyya za su sallame ka. Banki da Miladiyya yake karɓa. Sittin ɗinka za ta riga tasu cika da wata ashirin da ɗaya. Dubu tamanin da takwas da ɗari biyu ke nan za ka biya daga kuɗin fansho. Ka sa kuɗin wuta da ruwa a lissafin? Kuɗin lif da mai gadi fa?"

Ya ajiye cokali. "Mai sayar da turare ce za ta koya mini lissafi? Ke me kika mallaka, ban da baki?"

"Ban mallaki bashi ba dai."

"Hassada ce. Tun kina yarinya haka kike, ko dabino aka raba sai kin ƙirga na wani."

"Na ƙirga, kuma kullum naka ya fi yawa."

Inna ta ce mu ji tsoron Allah. Ba wanda ya saurare ta. Ya ɗauki makullinsa ya fita, ko hannu bai wanke ba.

Wata biyar bai yi mini magana ba. A wata na shida kuɗin gyaran tankin ruwan bene ya faɗo masa, dubu uku. Ya koma banki a tsawaita masa wa'adin biya, suka lissafa abin da za a ƙara, ya fito yana zagi. Sai ya toshe ƙofar ɗakin Inna ta ciki, ya ba wasu ɗalibai biyu 'yan Najeriya haya.

Ni ya bari na faɗa mata. Ta ce in kwance ƙullin kayanta da ta ɗaure tun tuni don komawa can, in fara da bargo.